Kujerar da Ba a Zama a Kanta: Mun Sake Karanta "Ashanti" na Rattray

Masu bibiyar tarihin rubutun Hausa sun san sunan R. S. Rattray ta wata ƙofa daban. Shi ne Baturen da ya fitar da littafin tatsuniyoyi da al'adu da karin maganar Hausa mai juzu'i biyu a 1913, wanda wani Malam Shaihu ya rubuta masa da ajami a can Gwalkwas, ƙasar da yau ake kira Gana. Amma aikin da ya yi masa suna a duniya a kan Tonawa ya yi shi, wato mutanen Asante, waɗanda kakanninmu fataken Gwanja suka daɗe suna sayen goronsu a kasuwar Salaga. Littafinsa mai suna "Ashanti" ya fito a 1923. Ya haura shekara ɗari ke nan, kuma har yau mafi yawan masu ba da labarin Kujerar Zinare ta Kumasi, ko sun sani ko ba su sani ba, da bakin Rattray suke magana.

Mun sake karanta shi a kwanakin nan, a waya, daga tsohon bugun da aka ɗauki hotonsa aka saka a intanet. Mun fito da abu biyu: girmamawa ga mutumin da ya iya zama ya yi shiru ya kalli abu da kyau, da kuma ƙorafi a kan labari guda ɗaya da littafin ya haifa, wanda ya fi littafin kansa yawo.

Kafin a je ko'ina sai an gyara hoton da kalmar "kujera" take kawo mana. Abin da Tonawa suke nufi ya fi kusa da kujera 'yar tsugunno ta tsakar gida, irin wadda iyayenmu mata suke zama a kai a gindin murhu. Ba ta da majingina, ba ta da hannu. Daga gungumen itace guda ake sassaƙa ta, farin itace mai laushi da suke kira sese, ba ƙusa ba haɗi. Tana da gindi shimfiɗaɗɗe, da ginshiƙai a tsakiya, da mazauni mai lanƙwasa kamar jinjirin wata. A ginshiƙan nan ne masassaƙi yake nuna gwaninta, kuma kowane fasali da sunansa da wanda ya cancanci ya mallake shi. A littafinsa na 1927 a kan addini da sana'o'in Asante, Rattray ya jera hotunan irin waɗannan kujeru: akwai ta mata, akwai ta beguwa, wadda ita ce tambarin ƙasar, akwai ta giwa da ta damisa, waɗanda sarkin Asante kaɗai yake da ikon zama a kansu.

Kujerar nan tana bin mutum tun daga rarrafe. Uba yakan ba ɗansa ƙarama idan ya fara jan ciki. A kanta ake zaunar da yarinya ranar bikin balagarta. Miji yakan saya wa amaryarsa. A kanta ake wanke gawa. Idan mai ita ya tashi, sai a kwantar da ita a gefenta ko a jingina ta da bango, don kada wata baƙuwar kurwa ta samu wuri ta zauna. Peter Sarpong, wanda daga baya ya zama babban limamin Katolika na Kumasi, ya yi wa wannan fanni ɗan littafi mai kyau a 1971, kuma shi ɗan gida ne. Amma Rattray ne ya fara shigar da mai karatu na waje cikin ɗakin.

Ɗakin da muke nufi shi ne ɗakin baƙaƙen kujeru, kuma babukan da suka yi bayanin bikin Adae su ne zuciyar littafin. Idan sarki ya mutu yana kan mulki, ana ɗaukar kujerarsa ta yau da kullum, wadda jikinsa ya saba da ita, a shafe ta da kunkunniya da gwaiduwar ƙwai har ta yi baƙi ƙirin, a kai ta ɗakin da kujerun magabatansa suke. Daga ranar ba mai ƙara zama a kanta. A lissafin Tonawa kwana arba'in da biyu ne zagaye guda, kuma a cikin kowane zagaye ana yin Adae sau biyu, ɗaya ran Lahadi ɗaya ran Laraba. A ranar sarki mai ci yakan shiga ɗakin da 'yan tsirarun fadawansa, ya gaida kujerun, a zuba musu ruwa, a ɗora musu dakakkiyar doya ko ayaba, a yanka tunkiya a shafa musu jinin, a tsiyaya giya, ana kiran sunayen masu su ɗaya bayan ɗaya, ana roƙon lafiya da haihuwa da arziki ga jama'a.

Rattray ya shiga irin wannan ɗaki, ya rubuta addu'o'in da harshen Twi tare da fassara, ya ɗauki hoto inda aka yarje masa. Abin da ya fi burge mu ƙaramin abu ne da ya lura da shi. Sarki idan ya tsaya gaban kujerun yakan zame mayafinsa ya bar kafaɗa a buɗe, ya zare ƙafafunsa daga takalmi ya taka samansu. Wannan ita ce gaisuwar da talaka yake yi wa sarki a fada. Ke nan a cikin ɗakin nan sarki ya koma talaka, kujerun ne sarakai. Marubucin da ya zo da ra'ayinsa a aljihu zai ga jini da giya ne kawai ya rubuta "tsafi" ya wuce. Rattray ya ga kafaɗa da takalmi, kuma da su ya gane wanda yake sama da wani.

Haka nan babin da ya yi a kan magajiya, wadda suke kira ohemaa. Gadon sarautar Asante ta ɗakin uwa yake bi, kuma kowace sarauta tana da kujeru biyu, ta namiji da ta mace. Magajiya ba lallai ta zama mahaifiyar sarki ba, tana iya zama gwaggonsa ta wajen uwa ko 'yar'uwarsa. Ita take fitar da sunan wanda zai gaji kujera, dattawa su amince ko su ƙi, kuma ita kaɗai take iya tsawata wa sarki a bainar jama'a. Dattawan sun gaya wa Rattray cewa kujerarta ce babba. Ya rubuta cewa ya tambaye su yadda aka yi ya shekara da shekaru a cikinsu bai san haka ba, suka ba shi amsa cewa Turawa ba su taɓa tambaya ba, kuma sun ga alama Turawa ba su ɗauki mata a bakin komai ba, shi ya sa suka yi shiru. Ba kowane jami'in mulkin mallaka ne zai saka wannan amsa a littafinsa ba. Mun ba shi wannan.

To sai babin Kujerar Zinare, wanda yake can kusa da ƙarshen littafin, kuma shi ne dalilin wannan sharhi.

Ba don littafi aka fara rubuta babin ba. Takardar shawara ce ga gwamnati a lokacin tashin hankali. Tun 1896, da Turawan Ingila suka kama Sarki Prempeh na Ɗaya suka fitar da shi daga ƙasar, Kujerar tana ɓoye a ƙauye. A 1920 masu aikin hanya suka yi kiciɓis da inda aka binne ta. Daga nan wasu daga cikin waɗanda ya kamata su tsare ta suka ɓalle kayan zinaren da ke jikinta suka riƙa sayarwa, har wata tsohuwa ta gane wani daga cikin kayan. A 1921 labari ya fasu, ƙasar ta shiga makoki kamar an yi babbar mutuwa. Sarakuna suka zauna shari'a a Kumasi suka yanke wa masu laifin kisa, gwamnati ta mayar da hukuncin kora daga ƙasa. A shekarar ne aka buɗe ofishin nazarin al'adu a Asante aka ba Rattray shugabancinsa, kuma wannan rikici ne aikinsa na farko mai nauyi. Shawararsa ita ce gwamnati ta cire hannunta daga Kujerar. Ta cire, kuma ba a zubar da jini ba.

A takardar ya kawo labarin asali kamar yadda aka ba shi. A zamanin Osei Tutu, wanda ya haɗa garuruwan Asante suka karya Denkyira a 1701, bokansa Okomfo Anokye ya tara sarakuna a Kumasi, ya saukar da kujera daga sama cikin ƙura da tsawa, ta sauka a kan gwiwoyin sarki. Aka yanki farce da gashin sarakuna da magajiyoyi aka haɗa magani, aka shafa wa kujerar, aka sha saura. Anokye ya ce kurwar al'ummar Asante gaba ɗaya, abin da suke kira sunsum, tana cikinta, ranar da aka rasa ta ƙasar za ta yi ciwo ta lalace. Saboda haka ba a barin ta taɓa ƙasa. Tana da shimfiɗarta, da kujerar da ake kwantar da ita a kai, da laimarta, da masu hidimarta. Sarkin Asante ma ba ya zama a kanta. A manyan ranaku yakan yi kamar zai zauna sau uku, sannan ya koma tasa kujerar ya ɗora hannu a kanta.

Duk wannan daidai ne, kuma ya kyautu a ce an faɗa wa Turawa shi. Matsalar tana wajen abin da aka gina a kai. Rattray ya waiwaya ya dubi yaƙin 1900 ta wannan taga. Ran 28 ga Maris na shekarar, Gwamna Frederick Hodgson ya tara sarakunan Asante a gaban sansanin soja na Kumasi, ya tambaye su ina Kujerar Zinare, kuma me ya sa ba a kawo masa ita ya zauna a kai ba, tunda shi ne wakilin Sarauniyar Ingila. Cikin 'yan kwanaki yaƙi ya tashi a ƙarƙashin Yaa Asantewaa, magajiyar Ejisu. Karatun da babin ya ba mai karatu shi ne, Hodgson ya ɗauka karagar mulki ce irin ta Turai, bai san kurwar al'umma yake neman ya ɗora mazaunansa a kai ba, kuma da akwai masanin al'ada a gefensa da ba a yi yaƙin ba. Wani mishan mai suna Edwin Smith ya ɗauki wannan darasi ya sa wa littafinsa na 1926 sunan Kujerar, daga nan labarin ya shiga ajin jami'a da littattafan makaranta. Yau da shi ake koyar da illar rashin fahimtar al'adun mutane.

Labari ne mai daɗi. Daɗinsa ne ma ya sa muke zarginsa, domin kowa ya fita a cikinsa da mutuncinsa. Hodgson ya zama wawa maimakon azzalumi. Gwamnatin mallaka ta zama mai kyakkyawar niyya da ta rasa tafinta nagari. Masanin al'ada kuwa ya zama likitan da aka makara wajen kira. Kada a manta, wanda ya rubuta takardar shi ne shugaban sabon ofishin da yake bukatar ya nuna amfaninsa. Ba mu ce ya yi ƙarya ba. Mun ce mai tallan magani ne ya ba da labarin cutar.

A duba sauran jawabin na Hodgson. A zama ɗaya ya gaya wa sarakunan cewa Prempeh ba zai ƙara dawowa ya mulke su ba. Ya ce za su riƙa biyan kuɗi duk shekara a matsayin ruwan bashin yaƙi, bashin da ya samo asali daga oza dubu hamsin ta zinare da aka ɗora musu a yarjejeniyar Fomena ta 1874. Ya tuna musu cewa gwamnati tana da ikon kiran mutanensu aikin hanya da dako. Mutanen da aka gaya wa haka sun riga sun shekara huɗu ba sarki, suna kallon Turawa masu neman ma'adinai suna shigowa ƙasarsu. Jikan Yaa Asantewaa, sarkin Ejisu, yana cikin waɗanda aka kora tare da Prempeh. Ko da Hodgson bai ambaci zama ba, itacen ya riga ya bushe.

Sannan ga abin da ya fi wannan. Tun kafin jawabin, Hodgson ya aika Kyaftin Armitage a asirce ya nemo Kujerar, bisa labarin wani yaro da ya ce ya san inda take. Ba a samu ba. Bayan jawabin ya sake aika shi da sojoji cikin ƙauyuka, ana tono ana dukan mutane, kuma a wannan fita aka fara harbe-harbe. Mutum ba ya aika soja daji sau biyu saboda yana marmarin wurin zama. Hodgson ya san abu ɗaya sarai: muddin Kujerar tana hannun Tonawa, suna iya ɗora wani sarki ko da Prempeh yana tsare a Saliyo, kuma mulkin Ingila a Kumasi aro ne. Mai yiwuwa bai san kalmar sunsum ba. Siyasar abin kuwa ya karance ta daidai. Tonawa ma sun fahimce shi daidai. Yaƙin 1900 yaƙi ne tsakanin ɓangarori biyu da suka gane juna.

A nan akwai abin da ya shafe mu, kuma ba mai daɗi ba ne. Sojojin da suka bi Armitage cikin ƙauyukan, da waɗanda aka tsare tare da Hodgson a sansanin Kumasi, a takardun Turawa "Hausawa" ake kiransu. Sunan ya haɗa mutane iri-iri, da 'yan arewacin Gwalkwas da bayin da suka gudu da duk wanda Hausa ta zama harshen barikinsa, amma da Hausawa na sosai a ciki. Hodgson ya fasa ya gudu bakin teku a watan Yuni. Wanda ya zo ya ceci sauran ran 15 ga Yuli shi ne Kanar Willcocks, kwamandan rundunar da Lugard ya kafa, kuma daga Nijeriya ta Arewa aka kwaso da yawa daga cikin sojojinsa, watanni kaɗan bayan an ɗaga tutar Ingila a Lakwaja. Rundunar nan ce ta shiga Kano da Sakkwato a 1903. Duk marubucin Hausa da zai taɓa labarin Yaa Asantewaa yana jinjina mata, ya kamata ya san da wane harshe ake ba da umarni a ɗaya ɓangaren.

Mu koma kan littafin. Illa ta biyu da karatun "kurwa zalla" ya yi ita ce ya rufe fuskar Kujerar ta doka da ƙarfi. Abin da Anokye da Osei Tutu suka yi aikin siyasa ne na ƙwararru. Garuruwa irin su Mampong da Dwaben da Kokofu da Bekwai kowanne yana da baƙaƙen kujerunsa da kakanninsa, kuma ba wanda zai yarda ya durƙusa wa kakannin Kumasi. Sai aka kawo kujerar da ba ta da kaka, ba ta fito daga dangin kowa ba, daga sama ta zo. Kowa yana iya yi mata mubaya'a ba tare da ya ji ya zama bawan maƙwabcinsa ba. Aka kuma hana kowa yin irinta. Da Adinkra, sarkin Gyaman, ya ƙera wa kansa kujerar zinare, Osei Bonsu ya kai masa yaƙi a 1818 ya kashe shi. A jikin Kujerar ana rataye ƙararrawa da mari da siffofin zinare na manyan abokan gaba da aka kayar, cikinsu har da Ntim Gyakari na Denkyira, da shi Adinkran, da Gwamna MacCarthy da aka kashe a 1824. Abin da ake rataya wa kawunan maƙiya ba wurin ibada kaɗai ba ne. Masana tarihi na baya, irin su Ivor Wilks a 1975 da T. C. McCaskie a 1995, sun maido da wannan fuska, kuma McCaskie bai ɓoye cewa mulkin Kumasi yana da tsanani da zubar da jini ba.

Hikimar da ta fi jan hankalinmu ita ce raba muƙami da mai riƙe da shi. Mu da muke cin abinci da rubuta manhaja mun san wahalar da ake sha idan aka liƙa izini a jikin sunan mutum maimakon a jikin matsayinsa: ranar da ya tafi, komai ya tsaya. Tonawa sun warware wannan da itace. Ƙasa ta kujera ce. Dukiyar fada ta kujera ce, har kyautar da aka yi wa sarki yana kan mulki. Rantsuwa ga kujera ake yi. Sabon sarki ana riƙe shi a saukar da shi sau uku a kan baƙar kujerar magabacinsa a ɗaga, ya taɓa ta ke nan amma bai mallake ta ba. Tunda kuwa shi da ita ba abu ɗaya ba ne, ana iya cire shi ita ta zauna lafiya. Ana zare masa takalmi tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasa, shi ke nan ya koma mutum. Wanda aka tuɓe kuma ba a baƙanta kujerarsa, ba ya shiga ɗakin nan, ba mai kiran sunansa ran Adae.

Ba a kan takarda kawai dokar take ba. A mahaɗar ƙarni na 18 da na 19 an sauke Osei Kwame, kuma Joseph Dupuis, jakadan Ingila da ya je Kumasi a 1820, ya rubuta cewa kusancinsa da Musulmin garin yana cikin dalilan. Kofi Karikari, wanda a zamaninsa Wolseley ya ƙone Kumasi a watan Fabrairun 1874, bai kai ƙarshen shekarar a kan mulki ba, kuma cikin laifuffukan da aka lissafa masa har da ɗibar zinare daga makabartar sarakuna ta Bantama. Ƙanensa Mensa Bonsu ya gaje shi, shi ma aka sauke shi a 1883. Sarakunan Asante uku ke nan cikin ƙasa da shekara ɗari, ban da na ƙananan garuruwa.

Adalci ya sa mu faɗi cewa Rattray da kansa ya zo ga wannan daga baya. A littafinsa na 1929 a kan dokoki da tsarin mulkin Asante ya kawo gargaɗin da ake karanta wa sabon sarki a gaban jama'a: ba sa son zagi, ba sa son rowa, ba sa son mai toshe kunne, ba sa son wanda zai yanke shawara shi kaɗai, ba sa son mai tona asalin mutane. Wannan littafi ya fi na 1923 zurfi a kan maganar iko. Sai dai ba shi da gwamna wawa da kujera mai saukowa daga sama, don haka bai yi farin jini ba. Abin da duniya ta ɗauka shi ne babin da aka rubuta cikin gaggawa don kwantar da tarzoma.

Babin da yake biye da shi ma abin a tsaya ne. A 1922 magajiyoyin Asante suka haɗa kuɗi aka sassaƙa kujera mai ado da azurfa, aka aika wa Gimbiya Mary ta Ingila gudummawar aure. Magajiyar Mampong ta yi jawabi, ta ce sun ɗaure ƙaunarsu a jikin kujerar da marin azurfa kamar yadda suke ɗaure kurwarsu a gindin nasu kujerun. Rattray ya kawo wannan da alfahari, alamar an shirya. Mu kuwa da muka karanta sai muka lissafa: Yaa Asantewaa ta rasu a Seshel a 1921, shekara guda kafin nan, Prempeh kuma yana can bai dawo ba sai 1924. Matan nan sun aika azurfa, wadda ita ce adon kujerar magajiya. Zinaren yana inda yake. Ko biyayya ce ko dabarar masu neman a sako musu sarki, littafin bai yi tambayar ba, kuma mutumin da ya ji amsar da dattawa suka ba shi a kan magajiya ya isa ya yi zargin cewa akwai abin da ba a gaya masa.

Kujerar ta fito bainar jama'a ran 31 ga Janairun 1935, da aka maido da haɗakar Asante a ƙarƙashin Prempeh na Biyu. Har yau tana Kumasi. A 2024, da aka cika shekara ɗari da hamsin da ƙone garin, gidan tarihi na Fowler da ke Amurka ya mayar da kaya bakwai na fada, gidajen tarihi biyu na Landan kuma suka kawo guda talatin da biyu, amma aro, na shekara uku da damar ƙarin uku. An baje su a gidan tarihin fadar Manhyia. Kujerar Zinare ba ta cikin lissafin, domin ba ta taɓa shiga jirgi ba.

Kuma maganar kujera ba ta tsaya a gidan tarihi ba. Kundin tsarin mulkin Gana na 1992 ya ce filayen gargajiya suna hannun kujera ne a matsayin amana ga jama'arta, ya kuma fayyace cewa kalmar kujera ta haɗa da buzu, tunda sarakunan arewacin ƙasar irin na Dagomba a kan fata suke zama. Har rabon kuɗin shiga ya yanka: kashi 10 cikin ɗari na ofishin da ke kula da filayen, abin da ya rage kuma kashi 25 na kujera, 20 na majalisar gargajiya, 55 na ƙaramar hukuma. A gefen Kumasi, inda gona take komawa fuloti, rigimar da ake yi kullum ita ce ko sarki ya sayar da filin kujera ya zuba a aljihunsa. Osei Tutu na Biyu, wanda yake kan mulki tun 1999, ya tuɓe sarakuna da dama da ke ƙarƙashinsa kan zargin cinikin filaye da haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba. Wanda ya karanta babin 1923 kaɗai ba zai gane waɗannan labarai ba. Wanda ya lura da kafaɗa da takalmi a ɗakin Adae zai gane.

Saura maganar fassara, wadda ita ce tamu. A Hausar yau kujera abin nema ce: kujerar gwamna, kujerar sanata, kujerar Makka. Ana hawanta, ana riƙe ta, ana ƙin sauka. Sarautarmu kuwa naɗi ce, a kai take, rawani ne shaidarta. Saboda haka idan muka rubuta "Kujerar Zinare", ko muka ƙara gishiri muka ce "karagar mulkin Asante" kamar yadda ake yawan ji a labarai, mai karatu yana ganin wani ƙasaitaccen gado da sarki ya harɗe a kai. Kuskuren da aka jingina wa Hodgson, wanda muke shakkar ya yi, mu muna yin sa da gaske a cikin kalma biyu. Mu ma a wannan sharhi da ita muka yi ta amfani, don ba mu da wata.

Amma sunanta na gida yana da abin da Hausa za ta iya ɗauka fiye da Ingilishi. Sika Dwa Kofi ake kiranta. Sika zinare, dwa kujera, Kofi kuwa sunan rana ne, na yaron da aka haifa ran Juma'a, domin ran Juma'a ta sauko. Bature sai ya yi dogon bayani kafin ya isar da wannan. Mu muna da Ɗanjuma. Idan wani ya ɗauki aikin mayar da waɗannan babuka Hausa, kuma muna fata a samu, tunda Malam Shaihu ya riga ya biya mana kuɗin shiga wajen Rattray, muna roƙon ya bar mata Kofinta, ya kuma haɗa babin 1923 da gargaɗin naɗi na 1929 a bugu ɗaya.